Shagon wasan kwamfuta na Zariya, inda na ci Biyana na kasa riƙe ta

Assalamu alaikum jama'a. Wata uku ke nan ina zuwa wani ɗan shago a unguwar Zariya nan Maradi, kuma tunda abokai sun dame ni da tambaya a fada wai me babban mutum mai iyali yake nema a gidan wasan yara har sha ɗaya na dare, na ce bari in zauna in rubuta abin da na gani, mai daɗi da marar daɗi, wanda zai je ya je da saninshi.

Shagon ba shi da allon suna ma, ƙofa ce shuɗiya kusa da wani mai shayi. Ɗaki biyu ne. Na waje na PlayStation ne, yara na buga ƙwallo suna ihu, wannan ba ruwana da shi. Na ciki shi ne maganarmu: kwamfuta shidda an jera su a bango, an haɗa su da waya ɗaya ta yadda mutum shidda za su iya shiga wasa guda, sannan ga wata babbar taswirar Turai da mai shagon ya manna, ta sha hannu har wajen Hangari ya yi baƙi saboda nuni da yatsa. Awa ɗaya dala 50 ce, in kuma daren Asabar ne na gasa, daga bayan isha'i har a tashi, dala 200 kowa, jika guda ke nan, da shayi a ciki. Ni a wajena ba tsada, amma na san ga ɗan lakwal da ke jiran kuɗin kalaci ba ƙaramin abu ba ne.

Wasan da ake yi a ɗakin ciki sunanshi Europa Universalis IV, wani kamfanin ƙasar Suwidin mai suna Paradox ya fito da shi a 2013. Ba irin na harbe-harbe ba ne, ba za ka ga jini ko takobi ba, taswirar duniya ce kawai a gabanka, ka zaɓi ƙasa ɗaya ka riƙe ta daga 1444 har 1821, kai ne mai haraji, kai ne mai aika manzanni, kai ne mai cewa a yi yaƙi ko a yi sulhu, kwanaki na tahiya kana kallo, in abu ya cakuɗe ka tsai da lokaci ka yi tunani. To mu a wanga shago kusan kullum ƙasa ɗaya muke zagayawa a kai, Daular Usmaniyya. Ta Turkawa fa nake nufi, ta Santambul, ba ta Sakkwato ba, don na san mu ƴan Maradi da an ce Usmaniyya wani tarihin daban ne ke faɗo mana a rai.

Abin da ya sa nake komawa ba wasan kaɗai ba ne, mai shagon ne. Yaro ne matashi, ya yi karatu a jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, aiki bai samu ba ya buɗe wannan. Kafin a kunna komai daren Asabar sai ya tsaya gaban taswirar nan ya yi kamar minti ashirin yana faɗin abin da ya faru a zahiri, shekara kaza sarki kaza ya yi kaza, sannan ya ce to yanzu ga wuƙa ga nama, ku canza mu gani. In anka tashi kuma a sake tsayawa a gwada abin da munka yi da abin da tarihi ya yi. Daga bakinshi na san dalilin da ya sa wasan ke farawa ranar 11 ga Nuwamba 1444, ashe jiya-jiyanta, ranar 10, anka yi yaƙin Varna inda Sultan Murad na biyu ya karya rundunar Kiristocin Turai har sarkin Polan da Hangari ya mutu a filin. Wato ana ba ka daular ne a daidai lokacin da ƙofar Turai ta buɗe.

Farkon abu kowa Kustantiniya yake nufa, wato Santambul ta yau, kuma ba wuya a wasan, daular Rumawa mai riƙe da ita ta rage birni ɗaya da ƴan yankuna. A zahiri Muhammadu al-Fatih ya ci ta ranar 29 ga Mayu 1453 yana ɗan shekara 21, bayan kwana 53 na ƙawanya, da manyan igwa da wani maƙeri mai suna Orban ya zuba mashi, da jiragen ruwa da anka ja ta kan tudu aka zuba su bayan sarƙar da ta tare mashigi. Wannan duk wanda ya zauna gaban malamai ya ji shi. Abin da ni ban taɓa ji ba sai a shagon nan shi ne Otaranto.

A 1480 al-Fatih ya aika Gedik Ahmad Pasha ya tsallaka teku daga Albaniya ya sauka a dunduniyar Italiya, tsallaken bai ma kai daga nan zuwa Katsina ba, ya kama garin Otaranto a watan Agusta, tsoro ya kama Italiya duka har Fafaroma ya fara tunanin barin birnin Rum. Sai Allah ya yi ikonshi, Sultan ya rasu ranar 3 ga Mayu 1481, ƴaƴanshi biyu Bayazid da Jem sunka shiga rigimar gadon sarauta, ba wanda ya waiwayi sojojin da ke can, kafin shekarar ta ƙare an ƙwace garin. Mai shagon ya dube ni ya ce "Yaya, da a ce an ƙara mashi shekara goma fa? Zauna ka gwada." Na zauna. Na tsallaka, na kama Otaranto, na hau sama na ci Napoli, ina jin daɗi taswira na zama koriya, launin Usmaniyya a wasan. To wasan yana da wani lissahi a ɓoye, duk garin da ka cinye maƙwabta na ƙara ƙin jininka, kuma in ƙiyayyar ta wuce wani mizani sai su haɗu su yi maka taron dangi. Ban ankara ba sai ga Ostiriya, Benis, Hangari, Fafaroma da wasu ƙananan ƙasashen Jamus da ban ma san sunansu ba duk sun taso, jiragen Benis sunka tare mashigin tekun nan ƙarami, sojojina na Italiya sunka zama kamar akuya a ɗaure, ba gaba ba baya, su kuma Mamalik na Masar sunka ga bayana a buɗe sunka shigo ta Anadol. A dare ɗaya na gane tsallaka ruwa ba shi ne aikin ba, aikin shi ne wa ke riƙe da ruwan bayan ka tsallaka. Ƙawanyar tsibirin Malta a 1565 da yaƙin ruwa na Lefanto a 1571, inda Usmaniyya ba ta yi nasara ba, duk kan wannan maganar suke.

Amma inda abin ya shige ni sosai Biyana ce, babban birnin Ostiriya, kuma dalili shi ne sana'ata. Ni aikina lodin kaya ne, aya da wake da gyaɗa, ina haɗa motoci daga kasuwannin ƙauye zuwa Maradi zuwa gaba, shekara sama da goma sha biyar. Na san abin da ake nufi in anka ce mota ta kahe a damina cikin laka da buhu ɗari uku a bayanta, na san yadda kwana biyu na jinkiri ke cinye ribar wata guda. To da yaron nan ya ba da labarin 1529 sai na ji kamar maganar garejinmu yake. Sultan Sulaimanu al-Kanuni, wanda ya ci Balgirad a 1521, ya ci tsibirin Rodos a 1522, ya murƙushe Hangari a Mohach a 1526 cikin yini guda har sarkinsu Luwis ya mutu, shi ne ya taso daga Santambul ranar 10 ga Mayu 1529 bai iso bakin Biyana ba sai ƙarshen Satumba. Wata huɗu da rabi a hanya. Nisan wajen kilomita 1,500 ne, ya fi ka tashi daga Maradi ka je Yamai ka dawo, kuma a ƙasa, da raƙuma da shanu da amalanke. Shekarar ruwa ya yi yawa, koguna sunka cika, hanya ta zama taɓo, manyan igwa da ke fasa ganuwa dole anka bar su a baya, raƙuma sunka yi ta mutuwa. Ya iso da sojoji masu yawa amma ba abin fasa katanga sai haƙa rami ƙarƙashinta a cusa albarushi, bai cika sati uku ba sanyi ya kawo kai, abinci ya ja baya, tsakiyar Oktoba ya ɗaga ya juya. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Kuma akwai wani abu da mai shagon ya ƙara da shi wanda ya zauna mani daram. Mahayan dawakin daular, sifahi, ba albashi ake biyansu ba, ƙauyuka ake ba su su ci harajinsu, don haka dole in kaka ta yi su koma su tattara abin da anka noma. Wato rundunar tana da lokacin fita da lokacin komawa kamar yadda ɗan ci-rani ke da shi, da bazara a fita, kafin hunturu a dawo. Duk garin da tahiyarshi ta cinye maka wannan tsakanin, ko ka isa ƙofarshi ba ka da kwanakin zama. Ga kuma Farisa ta Safawiyawa a gabas, in ka daɗe a yamma su motsa. Da ina ɗauka rashin cin Biyana ko dai cin amana ne ko raunin imani ko jaruntakar wani, yanzu na fi ganin hanya ce da ruwan sama da ciyawar dawaki, irin abubuwan da ba a yi masu kirari.

A wasan na shirya ma wannan. Na gina sansani a Balgirad da Buda, babban birnin Hangari na lokacin, na tara kuɗi shekara goma ban taɓa kowa ba, na ƙulla abota da Faransa, kuma wannan ma ba ƙirƙira ba ce, sarkin Faransa Faransuwa na ɗaya ya ƙulla da Sulaimanu a 1536 don su matse gidan sarautar Habsbag mai mulkin Ostiriya daga gefe biyu, har jiragen Hairuddin Barbarosa sunka yi hunturu a tashar Tulon ta Faransa tsakanin 1543 da 1544. Na ci Biyana. Wallahi yaran ɗakin waje har sunka bar ƙwallonsu sunka shigo kallo. Sai dai daga ranar ban sake hutawa ba. Ƙasar da ka ci sai ka kashe lokaci da dukiya kafin ta zama taka, in ka haɗiye da yawa tawaye ke tashi ko'ina, na kashe wuta a Hangari ta tashi a Sabiya, na juya Sabiya ta tashi a Sham, rumbun mayaƙana ya ƙare na koma hayar sojoji da bashi, bashi ya haihi bashi. Shekara ashirin da wani abu na riƙe Biyana, daga ƙarshe da hannuna na sa hannu a sulhu na mai da ita don in tsira da Buda.

Daren da ya fi kowane armashi shi ne wanda munka kwaikwayi 1683. Mu shidda, ni Usmaniyya, wani mushe mai koyar da tarihi a lise ya ɗauki Faransa, sauran sunka raba Ostiriya da Benis da Rasha, sai wani abokinmu Kirista, ma'aikacin lahiya ne, ya ce shi Polan yake so. A zahiri waziri Kara Mustafa ya kewaye Biyana wata biyu, daga tsakiyar Yuli, ramukanshi sun kusa cin ganuwar, masana da yawa na cewa ya ƙi afkawa da ƙarhi ne don yana son garin ya miƙa wuya dukiyar ta shiga baitulmali ba hannun sojoji ba, kuma bai tsare tudun Kalembag da ke bayanshi yadda ya kamata ba. Ranar 12 ga Satumba sarkin Polan Yan Sobiyeski ya gangaro daga tudun nan da dawaki wajen 18,000, rundunar ta watse, shi kuma wazirin anka kashe shi a Balgirad a watan Disamba bisa umarnin Sultan. Daga nan Buda ta tahi a 1686, sulhun Karlobis na 1699 ya tabbatar da asarar yawancin Hangari. To ni da na san labarin sai na ajiye runduna guda tana jiran Polan, amma abokin nawa shi ma ya san na sani, bai biyo ta Biyana ba sam, ya zagaya ta Moldabiya ya nufi Adirna kai tsaye, dole na kwashe ƙawanyar na koma ceton gida. Munka yi dariya munka sha shayi.

Bayan an tashi ne abokin nawa ya faɗi wata magana da har yau take mani yawo. Ya ce "Alhaji, kai kana ganin kore na yaɗuwa kana murna, ni kuma ina tuna akwai mutane a ƙarƙashin launin nan." Gaskiya ya faɗa, kuma nan ne nake ganin wasan ya gaza, ba laihin shagon ba. Gari a wasan lamba ce, ka danna ya canza launi. Ba ka ganin tsarin debshirme, inda ake bi ƙauyukan Kiristocin Balkan ana ɗaukar yara maza daga hannun iyayensu, a musuluntar da su a horar da su su zama Janisari, wato sojojin Sultan na musamman, ko ma'aikatan fada. Wasu sun kai ƙololuwa, Sokollu Muhammad Pasha ɗan Sabiyawan Bosniya ne ta nan ya bi har ya zama babban waziri daga 1565 zuwa 1579, amma ni uba ne, na san ba muƙamin da zai share hawayen uwar da anka ɗauke ma ɗa. Ba ka ganin mutum wajen 800 da anka kashe a Otaranto, waɗanda cocin Katolika ke girmamawa har yau. Haka kuma ba ka ganin ɗaya gefen, cewa al-Fatih da kanshi ya naɗa Gennadiyos shugaban cocin Otodoks a 1454 ya bar su da addininsu suna biyan jiziya, ko Yahudawan da Sifen ta kora a 1492 Bayazid na biyu ya karɓe su, ko ƴan Furotestan na Hangari da wasunsu sunka gwammace haɗa kai da Sultan da zama ƙarƙashin Habsbag. Abin da na yaba ma mai shagon shi ne bai ɓoye ko ɗaya, duka biyun yana faɗa, kuma bai yarda a mai da ɗakin filin gori tsakanin Musulmi da Kirista ba. Na ga ranar da wani yaro ya fara irin wagga magana, ya kashe mashi kwamfuta ya mai da mashi kuɗinshi ya ce ya dawo in ya huce.

Wani dattijo da nake girmamawa ya tare ni a masallaci ya ce ai akwai hadisi a Sahihu Muslim da ya hana cewa "da a ce", don tana buɗe ƙofar aikin Shaiɗan. Ban yi mashi gardama ba, na ce Baba na ji, kuma na tahi na yi tunani a kai da gaske. Fahimtata dai hadisin na magana ne kan wanda abu ya same shi ya zauna yana cizon yatsa yana jayayya da ƙaddara. Mu ba kukan Biyana muke ba, abin da Allah ya hukunta ya riga ya faru, muna juya shi ne don mu gane sababai. Amma na yarda akwai haɗari ga wanda ya shiga da zuciyar "da yanzu Turai duk tamu ce", irin wannan ba ilimi zai fita da shi ba sai ƙunci. Kuma lokacin salla mai shagon na tsai da wasa, kowa ya fita, wannan ba a roƙonshi.

Yanzu abubuwan da ba su yi mani ba. Zahi. Ɗakin ciki taga ɗaya ce da fanka ɗaya, kwamfuta shidda na huci, a watan Afrilu na shiga na fito kamar an tsoma ni a Gulbi. In anka ɗauke wuta batirin hasken ranar da ya sa uku kawai yake iya ɗauka, gasa ta mutu ke nan. Biyu daga cikin kwamfutocin tsofaffi ne, da wasa ya wuce 1600 sai su fara jan ƙafa, duk sauran su tsaya jiransu. Hayaniyar ƴan ƙwallo ba ƙofa tsakani sai labule. Abin da ya fi ƙona mani rai kuwa, wasana na farko da na kwashe sati biyar ina ginawa wani yaro ya zo ya ajiye nashi a kai ya goge, don ba a ware ma kowa wurin ajiyarshi ba. Mai shagon ya ba ni haƙuri ya ba ni awa biyar kyauta, na karɓa, amma sati biyar ba ta dawo ba. Sannan wasan da Faransanci yake a nan, rubutu ne jibgi, wanda bai yi lakwal ba sai an zauna kusa da shi ana fassara mashi, kuma ko wanda ya yi sai ya ba shi kamar zama huɗu ko biyar kafin ya daina ɓata. Mata kuma ba wurinsu ko kaɗan, ɗiyata tana aji na ƙarshe a kwaleji tana son tarihi, ba yadda zan kai ta ta ratsa ɗakin waje. Na ba mai shagon shawara ya ware masu safiyar Lahadi, ya ce zai duba.

Duk da haka ina cewa ku je, musamman malaman lakwal da iyayen da yaransu ke ganin tarihi haddar shekaru ce. Ku je da kile USB ku kwashe wasanku duk ranar da kunka tashi, ku nemi kwamfutar da ke bakin ƙofa, ita ce sabuwa kuma iska na ɗan taɓa ta, kar ku fara da daren Asabar, ku fara da rana mai shagon ya koya maku a natse.

Satin da ya wuce mushe ya ja taswirar wasan ƙasa, ya wuce Tarabulus, ya wuce hamada, sai ga Ayar, ga Barno, ga Kano, ga Zazzau, ga Katsina, duk ana iya ɗaukarsu. Ya ce ai Mai Idris Alauma na Barno ya aika manzanni Santambul wajen Sultan Murad na uku a shekarun 1570, kuma akwai ƴan bindiga Turkawa a rundunarshi, ashe labarin da muke bugawa ya taɓo har kusa da gida. Nan take gardama ta kaure, in da Katsina ba ta faɗi a 1807 ba shin da Ɗan Kasawa na tsohon gidan sarautarta zai zo ya zauna Maradi, in da sarkin Maradi Ɗan Baskore ya samu shiga birnin Katsina a hare-harenshi da yanzu ina muke. Mun yanke Asabar mai zuwa za mu ajiye Turkawa. Ni na riga na ce Katsina tawa ce, abokina ma'aikacin lahiya ya ɗauki Barno, har yanzu ba a samu wanda ya yarda ya riƙe Kano ba, in akwai mai so ya zo kafin isha'i.